Sawu a Kan Ɗanyen Daɓe

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a ne Fa'izu ya tarar an ɓalle akwatin gilashin da ke ɗakin kakansa. Farin zanen saƙin da ke ciki babu shi. Kafin 'yan sanda su iso ya riga ya yanke hukunci: Salamatu ce, tsohuwar da ke koya wa baƙi kaɗi, don ita ke share ɗakin kullum. Aka wuce da ita komisariya, wato ofishin 'yan sanda, auduga na manne a gyalenta, aka ce in zanen bai fito ba kotu za ta.

Gidan na Madugu Jafaru ne, bafataken da ya yi tashe da goro a zangon Sokodé. Jikansa Fa'izu ya mayar da shi gidan tarihi. Ka sayi tike ka shiga, a ba ka mazari ka ɓata auduga, a miƙa maka taɓarya ka yi daka ana ɗaukar ka hoto. Abin da ya karya ƙugun iyaye mata, yau shi ne wasan baƙi. A safiyar nan daɓe aka koya musu a ɗakin Madugu. Suka bubbuga ƙasa da madaɓi suna dariya, aka yayyafa makuba, aka ja ƙofa don ya bushe.

Sufeto Awal ya tsaya a bakin ɗakin, ya ƙi shiga. A kan ɗanyen daɓen akwai sawun mutum guda, namiji, babu takalmi. Sawun bai miƙe zuwa akwatin ba. Ya yi kwana ya kewaye wani fili a gindin bangon gabas, inda ko tabarma babu, a dawowa ma haka. Takobin Madugu mai kube na azurfa kuwa yana rataye, ba a taɓa shi ba.

Ya fara da mai gadi, Djibril, mutumin Tandjouaré.

"Ina kake lokacin salla?"

"Ni ya je cin abinci, shef. Baƙi duka ya fita, tsohuwa ma ya fita."

"Mene ne a gindin bangon can?"

"Ba komai, ƙasa ne."

Awal ya sa ya cire takalminsa na but. Ƙafar ba ta kai sawun ba. Ya sallame shi.

Fa'izu kuwa yana cikin bayani ya taka daɓen da takalminsa mai sheƙi, ya je ya tsaya daidai filin da ɓarawon ya kewaye. Awal ya yi masa tambaya iri ɗaya.

"Kabarin kaka ne. Mun baje tudun, baƙi na tuntuɓe da shi."

Ran Awal ya ɓaci, amma ya cire shi daga zargi. Wanda ke tsaye kan kakansa da takalmi ba shi zai kewaye kabarin ba.

Salamatu na zaune a ƙasa cikin sel, ɗakin da aka tsare ta, ta miƙe ƙafafu. Awal ya tsuguna ya gaishe ta.

"Inna, cikin baƙin yau wa ya cire takalmi a ƙofar ɗakin?"

"Idona ba ya gani sosai, ɗana."

"Za su kai ki kotu."

"Na ji."

"To zanen nan na mene ne? Ba ɗinki, ba rini."

Ta daɗe tana tsintar audugar gyalenta. "Ba zanen ado ba ne," in ji ta. "Kuma mai shi tana da rai."

Awal ya tashi ya shiga zango. Dattawan zango ne suka ƙarasa masa. A gidan Madugu, in mace ta manyanta takan kaɗa zaren likkafaninta da hannunta, a saƙa, ta ajiye a adakar gidan ubanta har ranar buƙata. Cikin 'ya'yan Madugu mace ɗaya ta rage, Dija, wadda aure ya kai Dapaong, kuma an ce tana kwance. Ɗanta Nourou dillalin shanu ne.

Washegari Awal ya hau motar arewa. A karar shanu ta Dapaong ya sami Nourou, dogo, ƙafa kamar faranti. Bai gudu ba, bai kuma yi musu ba, sai dai ya tambayi yadda aka yi aka gane shi.

"Baƙo ba ya cire takalmi a ɗakin da ya biya kuɗin shiga," in ji Awal. "Baƙo bai san da kabarin da aka baje ba. Ɓarawo kuma ba ya barin azurfa ya ɗauki fari. Ɗan gida ne kawai zai yi ukun nan, ɗan gidan da tsofaffi suka yi wa tarbiyya."

Nourou ya ce ya roƙi Fa'izu ta waya har ya gaji, shi kuwa ya ce zanen ya zama kayan tarihi, Turawa na son ganinsa. Da likita ya ce a mayar da mahaifiyarsa gida, sai ya zo Sokodé ya sayi tike kamar kowa, ya shiga gidan kakansa. Har madaɓi aka ba shi. Da aka watse aka tafi salla ya koma ɗakin ya ɗauke zanen.

Nourou ya kai shi gida. Dija na kwance a tabarma, zanen a ƙarƙashin kanta. Ƙashi da fata ce, amma hankalinta garau. Awal ya tsaya a ƙofa, ya cire takalminsa, ya rasa ta inda zai fara. Ita ta sauƙaƙa masa, ta tambayi wa aka kama a kan zanen.

"Salamatu, Hajiya. In ban koma da shi ba, ba za a sake ta ba."

"Salamatun gidanmu? Ta ga Nourou?"

"Ta gan shi. Ta ƙi faɗa."

Tsohuwar ta rufe ido. Can ta ɗaga kanta da ƙyar, ta jawo zanen ta tura masa. Nourou ya fara magana, ta ɗaga masa hannu.

"Ba za a rufe ni da shi tana rufe ba. Ɗauka."

Awal ya koma Sokodé da zane da mai laifi. Aka saki Salamatu, Fa'izu bai ko ba ta haƙuri ba. Awal ya je har gida ya roƙe shi ya janye ƙara, Fa'izu ya ce in ya janye, gobe kowane ɗan dangi zai zo da tasa hujjar.

Dija ta rasu kafin a zauna shari'a. Maƙwabta suka yanko mata yadi a kasuwar Dapaong. Nourou na tsare, bai ɗauki makarar uwarsa ba. Da alƙali ya gama da zanen, Awal ne aka aika ya mayar wa Fa'izu, kuma Fa'izu ya warware shi a gabansa yana duba ko ya yi datti.