Mazauniyar Tsohuwar Kwamfutar Brimah

Brimah mutum ne mai gajen haƙuri, abu kaɗan ke sa shi tada jijiyar wuya. Shi ke raba wa 'yan hayar gidansu intanet a Zangon Kumasi, ta wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin matakala. Manhajar firoksi ce a cikinta, duk shafin da aka nema sai ya bi ta nan. An yi shekaru ba wanda ya taɓa ta.

Da ta fara nawa, 'yan haya suka ishe shi da ƙorafi. Ya goge manhajar ya sa wata, ta ƙi buɗe rabin shafuka. Ya sake wata, ita kuma sai yankewa. Ranar da ya fusata ya share komai, ana tsakiyar kiran magariba ne, ko bisimilla bai yi ba.

Kafin a idar da salla duwatsu suka fara sauka a kan kwanon rufi. Aka leƙa, ba kowa. Sai 'yarsa Mubarika ta ajiye tsintsiya, ta zauna gaban matakala tana wani gurnani irin na fankar kwamfuta. Daga ranar ba ta ci, ba ta gane uwarta. Brimah ya tsorata ƙwarai.

Aka ɗauko Malam Boukari daga unguwar Dichemso. Ya daɗe yana karatu a kunnenta, sannan muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Ga ɗumi, ga duhu, nan na yi gida. Ko ɗakin da ya daɗe a rufe, ana sallama kafin a share. Shi kullum rushe mini yake. Na ƙarshe ya karya ƙafar ɗana."

"Yarinyar ba ta yi miki komai ba," in ji Malam.

"Nawa ma bai yi masa komai ba koraa, ko kaɗan."

"Me zai fitar da ke?"

"A bar mini akwatin nan na ƙarƙashin matakala. Kada hannunsa ya ƙara taɓa shi."

Malam ya dubi Brimah. Brimah ya rantse. Mubarika ta yi atishawa, ta sulale ƙasa, can ta ce, "Baba, ruwa."

Ya sayi wata kwamfutar. Ita ma tana nawa, amma ya koyi haƙuri. Tsohuwar kwamfutar tana nan ba waya a jikinta, kuma da magariba fankarta kan juya a hankali, kamar mai lallashin yaro. In Brimah zai wuce yakan yi sallama, ya ƙara sauri don kada ya ji an amsa.