Ka Dawo Idan Ta Narke

Kai da kake hawowa daga Marrakesh duk hunturu don zamiya a dutsenmu, ka sani sarai, kau da kai kawai ka yi. Ka ci, ka sha, ka tura ragowar cikin dusar ƙanƙara da ƙafa, ka ɗauki hoto. Abin da Nawfal yake yi ke nan ranar da Itto ta fara ganinsa.

Itto 'yar ƙauyenmu ce, tana koya wa yaran baƙi zamiya. Shi ɗalibi ne, tun safe yake shan faɗuwa a kan katakon zamiyarsa. Ya zauna ya cinye kifin gwangwani, ya danna gwangwanin cikin ƙanƙara.

"Malam, tono shi," ta ce.

"Ai ya ɓace."

"Ya ɓace ya tafi ina? Tono."

Ya tono da yatsu yana kallon idanunta, har ya manta da sanyi. Bai sauka daga dutsen ba sai da lambar wayarta.

"Gimbiyar dutse, yatsuna sun warke, saura zuciyata," ya rubuta.

"Ɗan gwangwani, koyi tsayuwa a kan katako tukuna."

Kafin sanyi ya wuce ya zo gidan su Itto da curin sukari, kamar kowane mai neman aure a wurinmu. Mahaifinta, Baba Lahsan mai alfadarai, ko taɓa sukarin bai yi ba.

"Yaro, ku baƙi farin ƙanƙara kawai kuka sani. Ka dawo idan ta narke."

Ya dawo a watan Afrilu cikin farar jallabiya. Tsohon ya ja shi gangaren da suke zamiya. Famfas ɗin jarirai sun kumbura sun fashe. Ga kwalabe, ga ƙasusuwan kaji, ga kashi a bayan duwatsu, ruwa na wanke su zuwa rafin da muke sha. Nawfal ya durƙusa ya yi amai.

Hammu mai shayi, ɗan kawun Itto da ya daɗe yana sonta, ya tuntsire da dariya. "Ango ya ƙara mana nasa!"

Nawfal ya shiga mota ya tafi. Wayar Itto ta yi shiru har mako ya juyo. Ta daina cin abinci, Hammu ya fara zarya gidan.

Sai saƙo: "Gimbiya, kunya ce ta hana ni magana. Ki roƙa mini aron alfadari wurin Baba."

Ya zo da abokansa da buhuna. Suka wuni suna kwasa, alfadarin na sauka yana hawa. Da yamma ya tsaya a ƙofar gida yana wari, Itto ta toshe hanci tana dariya da hawaye.

Baba Lahsan ya ɗauko curin sukarin, ya fasa da guduma, ya jefa a butar shayi.

"Wanke hannunka kafin ka taɓa kofina, ɗana."

Da kaka, bayan an kaɗe gyadar bishiya, aka ɗaura aure. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba 'ya'yansu ruwa mai tsabta.

Kada ka ce amin ka rufe littafi. Ango ɗaya bai kwashe dutse ba, naka gwangwanin yana can. Ranar Asabar ka hawo da buhu, ka tono shi.