Shagon Da Ya Rage A Cikin Kaset

Wata ranar Asabar ce Fergus Treloar ya turo ƙofar shagon Karvelas da 'Ya, ƙararrawar saman ƙofar ta yi ƙara, Despina ta ɗago daga bayan kantar shagon tana tauna cingam. Ta ga dogon saurayi jajir, rigarsa duk ta yamutse, yana riƙe da ƙaramar na'urar wasan nan ta hannu mai fuska biyu kamar wanda aka ba shi ajiyar ƙwai.

"Fankon kaset nake nema," ya ce.

Duk unguwarmu ta Oakleigh mun san fankon kaset. Girmansa ɗaya da kaset ɗin wasa na kamfani, sai dai cikinsa babu komai, kai za ka zuba abin da kake so. Mafi yawan masu saye wasannin sata suke kwasowa a intanet su cika shi. Mahaifin Despina, Kawu Lefteris, fanko yake sayarwa, ba ya zuba wa kowa komai, ba ya kuma tambayar kowa komai.

"Ba na sata ba ne," Fergus ya ƙara da sauri. "Wasana nake haɗawa da kaina. Ba zai hau na'urar ba sai da wannan."

"Kowa haka yake cewa, Injiniya," ta ce. "Jiya ma wata tsohuwa ta ce addu'o'i za ta zuba."

Ya yi ja har kunnuwa, ya manta canjinsa ya fita.

Sati na zagayowa ya dawo, ya ajiye na'urar a gabanta. Wata tunkiya ce ke tsallake shinge, in ta faɗi sai ta yi kuka da muryar da ba ko shakka tasa ce. Despina ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ya isa tashar jirgi saƙonta ya shigo:

"Tunkiyarka mummuna ce. Amma na yarda kai ba ɓarawo ba ne. Ka dawo ka karɓi canjinka."

Ya amsa: "Ki riƙe shi, Gimbiya. Ina son in samu dalilin zuwa kullum."

Daga nan Fergus ya zama kamar ɗaya daga kujerun shagon. Zai zauna a lungu da takarda yana zane, yana kallon kantar shagon, yana kallon tukunyar gahawa, yana kallon hoton marigayiya Irini, mahaifiyar Despina, da 'yar fitilar da ba a bari ta mutu a ƙarƙashinsa. In Despina ta leƙo sai ya kife takardar.

Kawu Lefteris bai so shi ba ko na sisin kwabo. Yaro ba Bagirke ba ne kamar su, ba shi da aikin kirki, ga shi da aka ba shi gahawa ya shanye har da lakar da ke ƙasan kofi. Shi Manoli yake so wa 'yarsa, dillalin gidajen nan mai gashi kamar an lashe, wanda ke zuwa coci ya zauna inda kowa zai gan shi.

"Me zai ciyar da ke da shi?" yake ce mata. "Tunkiyar cikin gilashi?"

"Baba, kai ma da akwati ɗaya ka sauko daga jirgin ruwa."

"Akwatina da kaya a ciki!"

Fergus ya ji duk wannan, ya kuma yi niyyar shawo kan tsohon da abin da ya iya. Ashe zanen da yake ɓoyewa shagon ne. Sabon wasa yake ginawa, wanda mai bugawa zai zama mai shago, ya yi ciniki, ya dafa gahawa, ya kori masu neman ragi.

Masu haɗa wasa a gida suna da al'ada. Kafin wasa ya fara, akwai allon gaisuwa da ake jera sunayen waɗanda suka taimaka, kuma a wurinsu babu girmamawar da ta fi wannan. Da Fergus ya saki ɗanɗanon wasan a dandalin abokan sana'arsa, sai ya rubuta a allon farko da manyan haruffa: Godiya ga Karvelas da 'Ya, Oakleigh, inda ake samun fankon kaset mai kyau da gahawa mai ɗaci.

Da zuciya ɗaya ya rubuta, wannan ni shaida ne. Amma garin neman gira aka rasa ido. Kamfanin da ke ƙera na'urar yana da ma'aikata waɗanda ba su da aikin yi sai karanta irin wannan dandali. Ba a jima ba wani baƙo mai ladabi ya shigo shagon, ya sayi fanko biyu, ya roƙi rasit, ya yi godiya. Bayan shi sai sammaci daga kotun tarayya.

Manoli ne ya zo wai ya taya su karanta takardun lauyoyi. Shi ya buɗe shafin da hoton allon gaisuwar yake, ya juya shi saitin Kawu Lefteris a hankali, kamar mai miƙa faranti.

"Kawu, ni ban ce komai ba. Amma ai an san yadda yaran nan ke samun aiki a manyan kamfanoni. Sai ka kai musu kan wani."

Da Fergus ya shigo da yamma, tsohon bai ɗaga murya ba. Ya riƙe masa ƙofa a buɗe.

"Ka ci abincina, ka zauna a kujerata, ka rubuta musu adireshina. Fita."

Fergus ya dubi Despina. Ta juya baya tana gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara.

Saƙonsa ya biyo: "Gimbiya, wallahi gaisuwa ce. Na so ya ga sunansa ya ji daɗi."

Ta amsa: "Ya gani. Lauyoyi ma sun gani. Nawa suka ba ka?"

"Ke ma kin yarda da wannan?"

"Ban san abin da na yarda da shi ba. Kar ka ƙara kirana Gimbiya. Gimbiya tana da gida."

Shari'ar ta ja har aka shiga sanyi. Kamfanin ya ce fankon kaset makami ne na fasa makullin na'urarsu. Lauyar Kawu Lefteris ta ce wuƙa ma ana yanka albasa da ita, kuma akwai masu haɗa wasansu na halal da wannan kaset, sai dai tana buƙatar ko mutum ɗaya ya zo ya tsaya ya faɗa. Duk jaruman dandalin nan masu cika baki da sunayen ƙarya suka yi ɗif. Fergus kaɗai ya zo, cikin kwat ɗin aro da hannayenta ba su kai masa wuyan hannu ba.

Ya nuna wa alƙali tunkiyarsa, har alƙalin ya ɗan murmusa. Sai lauyan kamfanin ya miƙe, ya gyara gilashi.

"Malam Treloar, ka rantse za ka faɗi gaskiya. Kai da kanka, ka taɓa buga wasan sata a wannan kaset?"

Despina ta kafa wa Fergus ido. Babu wanda zai kama shi in ya ce a'a. Ta samu kanta tana roƙon Allah ya sa ya yi ƙarya.

"Na taɓa," ya ce. "Kafin in iya haɗa nawa. Da su na koya."

"Na gode. Ba ni da wata tambaya."

A nan ta gane ba wanda ya saye shi. Mutumin da aka saya ba ya zuwa ya tona kansa a gaban alƙali. Wawa ne kawai, wawa mai gaskiya, kuma gaskiyar tasa ta ƙarasa abin da gaisuwarsa ta fara. Ta ji tana sonsa, ta ji tana son ta shaƙe shi, duk a lokaci guda.

Kotu ta ba kamfanin gaskiya. Aka umarci a miƙa duk fankon da ke shagon a lalata, aka ɗora diyyar da ba za ta biyu ba sai an sayar da shagon. Su kuwa fankon kaset ba su daina shigowa ƙasar ba, a ambulan suke zuwa ta gidan waya daga waje, daga hannun wanda ba shi da shago balle a kama shi. Tsoho mai allo da suna a kan titi aka samu aka yi misali da shi.

Manoli ne ya yi dillancin shagon, da fuskar jimami da sabon takalmi. Daga ranar da aka sa hannu, hanyar gidan Karvelas ta ɓace masa. Yanzu wurin ana sayar da ruwan 'ya'yan itace, an fente shi kore.

Kawu Lefteris ya koma gida ya zauna a ƙarƙashin bishiyar lemun tsaminsa. Ba ya zuwa shan gahawa da tsofaffi, ba ya bin titin shagon. Hoton Irini yana cikin kwali a gareji, ya ce ba shi da bangon da zai kafa ta.

Despina ce ta fara rubutawa: "Injiniya, kana raye?"

"Da sauƙi. Ya Baba?"

"Ba ya magana. Ni ma ban huce ba. Amma na yi kewarka, kuma haushin hakan nake ji."

"Ki zo tasha gobe. Akwai abin da na gama. Ba naki ba ne, nasa ne."

Ta kawo na'urar gida ta ajiye a kan teburin lambu. Kaset ɗin da ke ciki na Fergus ne na kansa, ba ya cikin kayan da kotu ta ce a miƙa. Tsohon ya kalle shi kamar ya ga kunama.

"Wannan abin kika kawo min gida? Ɗauke shi."

Ta kunna ta tafi kicin, ta tsaya a taga.

Ya daɗe bai taɓa ba. Can ya sa yatsa ya danna. Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara, ita ce sak, har da ɗan sarƙewar da take yi a ƙarshe. Ga kanta da tsagewar da ke gefenta. Ga tukunyar gahawa, ga kalandar da ba a canza ba. Ga wani ɗan tsoho mai gashin baki yana harara. A bango kuma ga hoton, da 'yar fitila tana kyaftawa a ƙasansa. Da ya matsa kusa da hoton, sai matar ta sauko ta tsaya a bayan kantar kusa da tsohon, ta ɗauki tsumma tana goge gilashi.

Despina ta ga kafaɗun mahaifinta suna rawa. Ba ta fita ba sai da ya share fuska.

"Kira min yaron," ya ce.

Fergus ya zo ya tsaya a bakin lambu, bai zauna ba.

"Wa ya gaya maka tana goge gilashi?"

"Despina, Mista Karvelas."

"Ina sunana? An ce ka rubuta shi a farko. Ban gan shi ba."

"Na goge, ranka ya daɗe."

"Ka goge!" Tsohon ya yi dariya marar daɗi. "Lokacin da ake da abin ƙwacewa ka rubuta, yanzu da babu ka goge. Ihu bayan hari. Mayar da shi. Da manyan haruffa. A nan kaɗai ya rage."

"To, Baba."

Kawu Lefteris bai hana shi wannan kira ba. Ya juya na'urar a hannunsa.

"Ka cinye min shago, ka dawo min da shi kamar akwatin ashana. Ban yafe ba, kar ka ɗauka na yafe. Amma duk mutanen da suka ci arziƙina, kai kaɗai ka zo kotu. Ita kuma ta fi ni taurin kai. Ku je coci ku ga fada, a sa rana."

Aka ɗaura auren bayan bikin Ista. Ba a kama babban zaure ba, a lambun gida aka gasa rago, maƙwabta suka kawo kujeru. A coci, da aka ɗora musu kambin aure aka zagaya da su, Fergus ya taka mata riga, ta ce a ƙasan murya, "Injiniya, ko yau sai ka ɓata?" Ya ce, "Gimbiya, yi haƙuri," ta bar masa sunan.

Da aka ce uban amarya ya yi magana, ya miƙe da kofinsa, ya daɗe yana kallonsu.

"Na so in ba 'yata shago," ya ce. "Shi ya sa na rubuta 'da 'Ya' a allo. Ba ni da shi yanzu. Ga ta nan hannu rabbana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya, ya sa su fi ubansu wayo."

Aka yi dariya, aka ce amin, wasu mata suka share ido.

Hoton Irini ya fito daga gareji, yana bangon ɗakin amarya. Shi kuwa Kawu Lefteris har yau bai bi ta titin ba. Kowace safiya yana aske gemu, ya sa farar riga, ya zauna ƙarƙashin lemun tsami da na'urar. In ka wuce ta bayan shingen za ka ji ƙararrawar ƙofa, ka san ya buɗe shago.