Kifin Minti Ashirin

Dona Graciete ta ɗaga murfin tukunya, ta shinshina, ta mayar, kamar ɗan kwastan da ya ci karo da akwati mai nauyi. Yammacin Talata ne, a gidan ɗanta Telmo da ke garin Matosinhos na ƙasar Portugal. Matarsa Benedita ta dawo daga aikinta na kantin magani ƙarfe bakwai da minti goma, tsohuwar ta hango ta ta taga, don a benen da ke samansu take zaune. Ga shi bakwai da rabi har an jera shinkafa da kifin salmon yana ta sheƙi.

Ita kuwa shekara arba'in ta yi tana dafa busasshen kifin gishiri, wanda sai ya kwana biyu a ruwa ana lallashinsa kafin ya yarda ya ga wuta. A wurinta, duk kifin da bai wahalar da mace ba, akwai lauje cikin naɗi.

Ta ja ɗanta baranda.

"Kai, sakarai, wa ke dafa maka kifin nan?"

"Matata mana, Mama."

"A minti ashirin? Ni ko kukan albasa ban gamawa a minti ashirin. Gidan abincin da ke bakin tashar da matarka ke hawa mota, wane ne kukunsu? Ba Nélio ba ne, wanda ya yi ta zarya a ƙofar gidan iyayenta kafin ka zo?"

Telmo ya yi dariya, amma iyakarta haƙori.

Talata ta gaba ya ce ya ƙoshi. Wadda ta biyo baya ya yi ta juya kifin yana leƙa ƙasansa, kamar zai ga sa hannun Nélio. Hira ta ƙafe a gidan, har dai ya fito fili ya tambayi matarsa.

"Dita, tsakani da Allah, daga kaskon wa yake fitowa?"

Benedita ta shige ɗaki ta sha kukanta. Da ta fito ba ta yi musu ba, ba ta kira mahaifiyarta a waya ba.

"Talata mai zuwa ku same ni a kicin, kai da Mama."

Dona Graciete ta sauko rungume da agogon tebur na marigayi mijinta. Ta caje jakar surukarta, ta leƙa tanda, ta ɗaga labule ko Nélio ya maƙale a can. Ɗanyen kifi kawai ta gani cikin takardar kasuwa.

Benedita ta ɗora shinkafa. Ta kaɗa zuma da mustad da tafarnuwa da ruwan lemun tsami. Kasko ya yi zafi, ta kwantar da kifin ta wajen fata, ta juya, ta kwarara masa haɗin har ya yi danƙo ya kama jikinsa. Minti goma sha tara.

Tsohuwa ta girgiza agogon, ta kara a kunne.

"Tun marigayi na raye agogon nan ba shi da gaskiya."

Ta ɗanɗana. Ta sake.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce, tana miƙa faranti a ƙara mata.

Telmo ya sunkuyar da kai.

"Dita, ki yafe mini."

"Mama na da uzuri, ba a nan take kwana ba. Kai kuwa shekara biyu, taku huɗu ne tsakanin kujerarka da murhun nan. Da ka taɓa tasowa ko sau ɗaya, da ba ka tambaye ni ba."

Ta kwance ƙyallen girkinta, ta ɗaura masa a ƙugu.

Tun daga nan girkin Talata ya koma hannun Telmo. Sa'a ɗaya da rabi yake yi, shinkafa ta caɓe, zuma ta ƙone, uwarsa na tsaye a kansa tana cewa ba haka 'yarta Benedita ke yi ba. Benedita tana kan kujera da ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana cinye rabonta da murmushi.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romonsa. Ita kifi kawai ta dafa, ta samu kuku a gida. Ku kuma samari, kafin zato ya raba ku da masoyanku, ku tashi ku taka zuwa kicin, ba shi da nisa.