Haruffa Biyar a Gandun Daji

Nafi'u, kashe wayar nan, haskenta na shiga mini ido. Jummala, matso da tabarmar. Tun da kun dame ni sai kun ji abin da ya raba Yaya Lurwanu da sana'ar kwamfuta ya koma sayar da taki, to ku ji. Amma duk wanda ya yi dariya, na tashi.

Lokacin ina da shekara ashirin da shida. Ina da ɗan shago a Samaru, kwamfuta biyu da injin buga takarda ɗaya. Ba irin kwamfutarku ba. Allon baƙi ƙirin, rubutun kore, ba hoto ba komai. Aiki kuwa a faifai ake ajiye shi, wani ɗan abu mai kusurwa huɗu kamar biskit da ake zura mata a baki.

Ciwon kan zamanin shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Ka so rubuta ƙura, ta fito kura. Sai na zauna wata uku na haɗa 'yar manhaja mai fitar da su, na sa mata suna Ƙugiya. A lokacin akwai wata al'ada. Ka haɗa abinka ka sake shi kyauta, kowa ya kwafa ya ba wani, wanda ya ji daɗi ya aiko maka da na goro. Haka na yi, na sa adireshin shagona a shafin farko. Kai, na ji kaina! Tafiyata ma sai da ta canza.

Bayanin yadda ake aiki da ita fa? Layi ɗaya na rubuta: "Mai sauƙi ce, kowa zai gane." Shi ke nan. Ƙiwa ce kawai da girman kai.

Umarni biyar ne a jikinta. Huɗu na rubuta su da Turanci don a san na yi boko. Na biyar na ƙara shi daga baya a gurguje, ya zo mini da Hausa: SHARE. Wato a share, a goge aikin da ke cikin kwamfuta da wanda ke kan faifai, don a sami wuri. Ba ya tambayar ko ka tabbata. Kana dannawa, ya tafi. Jummala, ke da kike jami'a, karanta mini haruffan nan biyar da Turanci. Yauwa. A raba wa jama'a. Kin gani tun ban rufe baki ba. Ni wallahi ban gani ba.

Wata Talata shago cike da ɗalibai, sai ga wani tsoho. Dogo, siriri, riƙe da faifai biyu a cikin hankici.

Ya ce, "Ɗana, kai ne mai Ƙugiya?"

Na gyara zama na ce ni ne.

Sunansa Malam Mijinyawa, tsohon ma'aikacin gandun daji. Shekara talatin yana rubuta sunayen itatuwa da amfaninsu. Ɗorawa, ƙirya, maɗaci, ɓaure, har da waɗanda ban taɓa ji ba. Da ya ga gara ta fara cinye littattafansa, sai ya zauna a kwamfutar surukinsa yana bugawa da yatsa ɗaya, shekara biyu cur. Kafin ya gama, gara ta ƙarasa littattafan. Da ya kammala sai ya so ya raba wa mutane. Ya ga haruffan nan biyar, ya karanta su da Turanci kamar sauran huɗun, ya danna. Allo ya ce AN GAMA. Ya ji daɗi. Ya ɗauko faifai na biyu, wanda yake ajiyar ko-ta-kwana a kai, ya zura, ya sake dannawa.

Tun bai kai ƙarshe ba na gane. Amma ga ɗalibai sun zuba mini ido, sai borin kunya ya tashi.

Na ce, "Baba, ka karanta bayanin kuwa?"

Ya ce, "Na karanta. An ce kowa zai gane."

Na ce, "To ai kowa ya gane. Mutane nawa ke aiki da ita, ba wanda ya kawo ƙara sai kai."

Ya naɗe faifansa cikin hankici a hankali. Sannan ya ce, "Haka ne. Tsufa ne. Ka yi haƙuri, ɗana, na ɓata maka lokaci."

Kun ji? Shi ya ba ni haƙuri. Ni kuma na karɓa, har da gyaɗa kai. Kafin damina ta fita na ji labarin ya rasu. Ko ta'aziyya ban je ba, da wace fuska zan je?

Bayan kamar wata biyu aka kira ni gyaran kwamfuta a wata makaranta bayan Rafin Tukurwa. Aka ce in bi titi. Na ce titi ya yi zagaye, zan yanke ta gandun daji a babur ɗina. Ni kaɗai. Rana tsaka.

Ina tsakiyar gandun babur ya mutu. Ba tari, ba komai, ya ɗauke kawai. Na taka, na taka, shiru. A nan na lura ba babur ɗin kaɗai ya yi shiru ba. Ba kukan tsuntsu. Ba gyare. Har numfashina nake ji.

Can gindin wani maɗaci sai na ga mutum a tsaye, sanye da tsohon kaki irin na masu gadin daji. Na ji sanyi a raina, na yi masa sallama.

Bai amsa ba.

Ya ce, "Mai Ƙugiya."

Bakinsa ne ya motsa, amma muryar daga sama ta zo, daga cikin rassa. Na sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido, sai na ga ƙafafunsa. Nafi'u, sakar mini riga, ba ni ne shi ba. Ƙafafun a cikin ƙasa suke har idon sawu. Kuma ba a haƙa wurin ba. Ciyawa ta tsiro a jikinsu lafiya lau, kamar nan ya shekara.

Na waiwaya in ga hanyar gudu. Da na juyo, yana gabana, taku uku tsakaninmu. Ƙafafun na nan a binne.

Ya ce, "Mijinyawa ya san gidan kowa a nan. Ba ya yankar reshe sai ya kira sunan itacen ya nemi izini. Ya yi mana alkawari zai bar sunayen ga na baya, kada a riƙa rushe mana gidaje cikin rashin sani. Ina suke?"

Na ce, "Kuskure aka samu, ranka ya daɗe."

"Na wa?"



Ya miƙa hannu ya karyo tsinke. Ya durƙusa, ya yi rubutu a kan yashin hanya. Haruffa biyar, manya, irin na allona sak.

Ya ce, "Karanta. Da harshen da ka ga dama. Abin da ka karanta shi za a yi maka."

Babu iska ko kaɗan, amma ganyen gandun nan gaba ɗaya ya motsa. Sau ɗaya. Kamar jama'a sun gyara zama.

Ya ce, "In da na boko ka karanta, muna da yawa. Kowa zai sami rabonsa."

Na ce, "In da Hausa fa?"

"Ka fi mu sani."

Na ce, "Don Allah ka yi mini bayani."

Ya ce, "Mai sauƙi ne."

Ba zan ɓoye muku ba, fitsari ya zubo mini. Amma abin da ya fi tsoron nauyi a ƙirjina kunya ce. Tsohon nan kawai nake gani yana naɗe hankicinsa. Na durƙusa na ce, "Da Hausa na rubuta. Share. Ban yi wa kowa bayani ba. Laifina ne, ba na tsohon ba."

Ya ce, "Shi ya kamata ya ji wannan."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Shekara talatin ka goge masa. Naka shekarun ba su kai ba, in mun ɗauka daidai ba abin da zai koma gida. Abu ɗaya za mu ɗauka."

Na ce, "Wanne?"

Ya sa tafin hannu ya shafe yashin. Na ji wani sanyi ya ratsa goshina ya wuce. Da na ɗago, ba kowa. Tsuntsaye na kuka. Takawa ɗaya babur ya tashi.

Makarantar da ban je ba ke nan, gida na juya. A hanya ina ta laluben kaina. Sunana, na sani. Fatiha, na karanta ta daidai. Hanyar gida, sunayen abokaina, aikin kwamfuta, duk suna nan. Har na fara murmushi, ina cewa barazana ce kawai. Wawa.

Na shiga gida. A tsakar gida ga wata mata gajeriya a kan kujera 'yar tsuguno tana tsintar shinkafa. Ta ɗago ta ce, "Lurwanu, ka sha rana. Ga fura can a ɗaki." Na rusuna na gaishe ta yadda ake gaida manya. Na ja ƙanwata Saude gefe na ce, "Wace ce baƙuwar?"

Saude ta yi dariya. Da ta kalli fuskata sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Yaya, Inna ce fa."

Gwaggonku Tabawa. Wadda ta haife ni.

Na san ɗakinta, na san kwanukanta, na san inda take rataye carbi. Ita ce babu. Ko rana ɗaya da na yi da ita babu a kaina. An kai ni wajen malamai a ɓoye, an yi rubutu, an yi tofi. Ba abin da ya dawo. Shago kuwa na sayar, don ko allon kwamfuta ba na iya kallo.

Na roƙi Saude ta rufa mini asiri, ta rufa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kiran matar nan Inna. Ta ba ni labarin yadda ta goya ni zuwa asibiti da ƙafa lokacin da na yi ƙyanda, ina gyaɗa kai. Ta ce, "Ka tuna?" In ce na tuna. Ban bar ta ta nemi komai ta rasa ba, Allah shaida ne. Na ɗauka na iya ɓoyewa.

Ranar da za ta rasu ta sa kowa ya fita, ta riƙe hannuna. Ta ce, "Lurwanu, tun wata rana da ka dawo daga tafiya ka koma yi mini ladabi irin na baƙo. Na yi tunani na gaji, ban gano ba. In wani laifi na yi maka, ka yafe mini."

Na ce mata na yafe. Har a nan ma ban iya faɗin gaskiya ba.

Gandun yana nan, hanyar ma tana nan, na ji har masu acaɓa na bi. Ku dai kada ɗayanku ya kuskura ya bi ta shi kaɗai, ko da rana tsaka ce.