Ɗigo Uku a Bayan Inji

Auta tana tsakar gida tana shanya wanki ta ji rugugin mota a ƙofa, irin ƙarar da ke sa gilashin taga rawa. Kafin ta goge hannu mijinta ya faɗo gidan bakinsa har kunne, ya kama ta ya ja ta waje. Injiniya ake ce masa saboda kwamfuta yake gyarawa a wani ofis, amma ko tayar keke bai taɓa canjawa ba.

Mota ce ja, ƙasa-ƙasa, ƙofa biyu kujera biyu, irin ta tsere. Yaya Babba, wan mijinta, yana jingine da ita yana kaɗa makulli a yatsa. Hajiya surukarta ta riga ta fito daga sashenta tana ta zuba albarka. A nan tsaye Auta ta ji labarin. Motar Yaya ce ya sayar wa ƙaninsa, an gama ciniki tun jiya, kuma da kuɗin filin da ita da mijinta suka yi shekara biyu suna tarawa aka biya. Duk gidan ita ce ta ƙarshen ji.

Ta ce Allah ya sa alheri, sannan ta roƙi a ɗaga mata murfin inji. Yaya Babba ya yi wata 'yar dariya, ya ce lallai jini ba ya ɓuya, amarya har yanzu warin gareji take nema.

Gaskiya ya faɗa, ko da yake da raini ya faɗe ta. Auta 'yar makanike ce, a garejin babanta ta tashi tana miƙa sifana tun ba ta iya rubuta sunanta ba. Ta kuma san wata ɗabi'a ta Baba da masu mota ba sa lura da ita. Duk injin da ya buɗe kansa, in ya ɗaure sai ya ɗiga rawayan fenti a can baya, kusa da noti na ƙarshe. Ɗigo ɗaya gyara ne. Biyu, a yi hattara. In ya kai uku, Baba yakan gaya wa mai mota cewa inji ya gama aiki, kada a sake kawo masa.

Ta sunkuya ta leƙa. Ɗigo uku ne, na ukun ma ko dishewa bai yi ba. Ta murɗe murfin baƙin mai, ta ga ya yi fari-fari ya yi kauri, alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba.

"Yaya," ta ce, "sau uku Baba ya buɗe injin nan. Ga shaidarsa. Motar nan tafasa take yi."

Ai kuwa sai wuri ya kama da wuta. Yaya Babba ya wurgar da makulli a kan mota, ya ce tunda an mayar da shi ɗan damfara a gidan ubansa, a ba shi kayansa. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce yau ta ga abin da ya ishe ta, yarinyar da aka ɗauko daga cikin baƙin mai ita ce za ta shiga tsakanin 'ya'yanta. Ta ce baƙin ciki ne kawai, don an ga ɗanta zai fara shiga sahun manya.

Auta ta juya ta kalli mijinta. Shi ne dai mutumin da ya yi wata shida yana kai babur ɗinsa mai lafiya gareji, yana ƙirƙiro masa ciwo don ya gan ta. Yanzu ga shi ya haɗe rai kamar bai taɓa saninta ba.

"Ki ba Yaya haƙuri," ya ce.

"In raini na yi, ina ba shi haƙuri. Amma ba zan ce motar nan lafiya take ba."

"Ki ce kuskure kika yi."

"Ban yi ba, Injiniya. Kai ta wurin Baba yanzu, minti goma ne."

"To ki riga ta zuwa can. In kin koyi ladabi kya dawo."

Haka kawai! A kan ƙarfen da ya mallaka jiya ya kori matar da ta ɗinka hulunan yara da hannunta tana ƙara masa a asusun fili. Ta shiga ɗaki ta zuba kaya kala uku a jaka, hawaye na ɗiga a kan zif, ta sauke masa tukunyar da ke kan wuta don kada ta ƙone, ta fita.

Da Baba ya ji, sai da ya ajiye abin da ke hannunsa ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya ce sau ukun nan duk kyauta ya yi wa Yaya Babba aikin, saboda surukuta. A na ukun ya gaya masa ƙarara cewa kan injin ya lanƙwashe, a sayar da motar a matsayin kayan gyara. Ashe shi ya sa aka yi cinikin a ɓoye, aka gargaɗi Injiniya kada ya nuna wa surukinsa, wai masu gareji ba sa rasa laifin da za su laƙa wa mota.

Washegari Baba ya yi wanka ya sa fararen kaya, ya tafi gidan don ya yi bayani. Hajiya ta bar shi tsaye a ƙofa cikin rana kusan awa guda, sannan ta aiko aka ce tana barci. Dattijo mai furfura, wanda rabin motocin dangin Hajiya a hannunsa suke rayuwa. Da ya dawo ya cire fararen ya mayar da kayan aiki. Auta ta ga haka ta shige bayan gareji ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Yayyenta maza biyu suka ce wallahi ba za ta koma ba, gobe za su je su karɓo mata takardarta. Ta tare ƙofa ta ce babu inda za su. Ta ce ranta a ɓace yake fiye da nasu, kuma ba ta yafe tsayuwar da aka sa Baba ba, amma ta san mijinta. Ba mugu ba ne, rufe masa ido aka yi da sunan zumunci. Suka ce soyayya ta mayar da ita sakarya. Ta ce ta ji, a dai ba ta lokaci.

Lokacin bai yi tsawo ba. Kwana goma sha tara Injiniya ya yi yana zaga gari gilas a sauke. A rana ta ashirin, da tsakar rana cikin cunkoson motoci, allurar zafi ta haye ja, farin hayaƙi ya turnuƙe daga gaba, motar ta yi tari biyu ta mutu. Masu hon suka yi masa ca, da ƙyar ya samu waɗanda suka taya shi turi. Makaniken da ke bakin hanya ko minti biyar bai yi ba ya ce inji ya buga.

Injiniya ya wuce wurin wansa. Ya tarar da shi a falon Hajiya ƙafa ɗaya kan ɗaya, ko a jikinsa.

"Kai yaro ne," in ji Yaya Babba. "A ɗan lallaɓa ta, a zuba mai mai kauri, ka tayar da ita ta yi ɗumi kafin mai saye ya zo. Wannan abokin naka na ofis ba yana yaba ta ba? Ka sakar masa. Haka ake yi."

"Haka ka yi mini?"

"To ni da wa zan yi? Ai gara kuɗin ya tsaya a gida."

Hajiya ta ce a rufa wa juna asiri, ya bi shawarar wansa a wuce wurin. Injiniya ya dube su su biyu, ya tuna fuskar matarsa ranar da take cewa minti goma ne, kunya da takaici suka rufe shi. Ya fita bai yi sallama ba.

Da la'asar aka jawo jar motar da igiya har ƙofar garejin Baba. Auta tana ɗan ɗakin da ake ajiye kayan aiki, tana jin komai ta taga. Injiniya ya durƙusa a ƙasan da ya jiƙe da mai, da wandonsa na ofis, ya ba da haƙurin tsayuwar rana, ya ba da haƙurin korar da ya yi. Baba ya bar shi ya gama, yana goge hannu da tsumma.

"Na ji. Yanzu motar fa? Zan iya lallaɓa maka ita ta yi wata guda tana tafiya lafiya lau. Ka samu mai saye ka fitar da kuɗinka."

Auta ta kasa kunne. Ta san Baba bai taɓa yin irin wannan aikin ba, gwada shi yake yi. Ta kuma san in mijinta ya ce to, ita da kanta za ta aiki yayyenta karɓo takardar.

"A'a, Baba," in ji Injiniya. "A kwance ta a sayar da kayan, ko me aka samu. Na ɗanɗana, ba zan ɗanɗana wa ɗan wani ba."

"Filinku ya tafi ke nan."

"Ya tafi. Ni matata nake roƙo."

Baba ya juya wajen taga ya ce ai ba shi aka kora ba, mai maganar tana ciki. Auta ta fito ba murmushi. Ta ce masa fushinta bai huce ba, kuma ba yau zai huce ba. Ta ce daga yau duk abin da za a yi da guminsu, da ita za a yi shawara kafin kowa. Ya ce ya yarda. Ta ce kuma ba za ta zauna inda aka shanya ubanta a rana ba. Ya ce ya riga ya yi magana da mai wani gida, ɗaki biyu ne, ba ruwan famfo. Sai a lokacin ta miƙa masa tsumma ta ce ya goge gwiwarsa.

Hajiya ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwarsu, Auta kuwa ba ta fasa zuwa duk mako ba, har tsohuwar ta gaji ta sauko. Yaya Babba ya koma biyan makanike kamar kowa. Fili sai bayan shekara huɗu suka saya, ƙarami, a bayan gari.

'Yan mata, haƙuri ba shi ne ki ce ƙarya gaskiya ce don a bar ki a ɗaki ba. Ki faɗi gaskiyarki da ladabi, ki tsaya a kanta, ki ba mai hankali lokaci ya gani da idonsa. Ku kuma samari, ɗan'uwa ɗan'uwa ne, amma wadda za ta kwana da asararku ita ta fi cancanta ku fara saurara.