Masu Zama a Salansar Zibrim

Da magariba Zibrim ya yi aika-aikar. Motarsa ta dakon doya, mai shan dizal, ta yi wata guda tana zafi. Ran nan kafin ya kai kasuwar Agbogbloshie lagireto ya tafasa. Ya san cutar: kunkunniya ta toshe salansa, hayaƙi ba ya samun hanyar fita, sai zafin ya koma wa injin. Maimakon ya bari gari ya waye, sai ya kwance salansar a ƙofar gidansa a unguwar Nima, ya tuttula mata kananzir, ya ƙyasta ashana, ko bisimilla babu. Matarsa Memunatu ta ce ba a wasa da wuta a wannan lokaci, ya ce ta ji da tukunyarta. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Wutar ba ta gama ci ba aka ji kuka a cikin bututun, siriri, kamar na jariri.

Kashegari da faɗuwar rana tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon gidan. Rana ta uku 'yarsu Ayishetu ta yanke jiki ta faɗi tana wanke-wanke. Jikinta ya ɗau zafi har jiƙaƙƙen tsumma na bushewa a kanta, in ta yi tari baƙi ne ke fitowa. Zibrim ya ji tsoron da bai taɓa ji ba.

Aka kira Malam Alu daga Maamobi. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe baki, da muryar tsohuwa. Muryar ta ce shekara biyu suna zaune cikin baƙin salansar nan saboda ɗuminsa, ba su taɓa kowa ba.

"Uban yarinyar nan ne ya ƙone min ɗa. Ko sallama bai yi ba."

Malam ya ce yarinya ba ta da laifi. Muryar ta ce to a mayar mata da gidanta: a ɗaura salansar, kada a ƙara ƙone ta ko a kankare ta har abada.

"Malam," in ji Zibrim a hankali, "in ban kankare ba, injin zai mutu."

"Injin ko yarinya?" in ji Malam.

Zibrim ya rantse. Ayishetu ta yi atishawa sau uku, ta nemi ruwa.

Wata bakwai yana tuƙi yana kallon allurar zafi tana hawa, bai taɓa salansar ba. Ranar da injin ya buga a mahaɗar Kawukudi, makanikai suka taru suna yi masa dariya, wai direban shekara ashirin ya kasa wanke salansa. Zibrim ya bar motar a nan. Ya taka da ƙafa har gida, ya tarar da Ayishetu tana dakan barkono. Ya ɗora hannu a goshinta, ya ji sanyi.